Inji, Ƙafa da Agogo: Tarihin Motoci Masu Injin Jet da Neman Kambun Gudu a Doron Ƙasa

Gabatarwa



Ran 15 ga watan Oktoba na shekarar 1997, a wani faƙo da ake kira Black Rock cikin jihar Nebada ta Amurka, wani matuƙin jirgin yaƙi na Ingila mai suna Andy Green ya tuƙa mota ta yi gudun mil 763 a awa, watau kilomita 1,228. Ma'anar wannan ita ce motar ta cinye mil guda cur cikin abin da bai kai daƙiƙa biyar ba, ta kuma tsere wa ƙarar injinta. Tun daga ranar har yau ba a sami wanda ya karɓe wannan kambu daga hannunsa ba.

A cikin wannan lacca za mu bi diddigin yadda aka kai ga wannan matsayi, da dalilin da ya sa aka tsaya a nan. Abin da nake son in nuna shi ne, tarihin wannan gasa ya rataya ne a kan abubuwa uku: injin da ke ba da ƙarfi, da ƙafar da ke taka ƙasa, da agogon da ke ba da shaida. Shekara sittin da 'yan kai inji da ƙafa suna haɗe, kamar yadda suke a kowace motar da muke shiga. Zuwan injin jet ya raba su. Wannan rabuwa ita ta buɗe ƙofar gudun da ba a taɓa tsammani ba, ita ce kuma ta raba motar gasa da motar jama'a, har ya zamana babu abin da ya rage yana riƙe da martabar gasar sai ƙa'idar awo.

Mafarin gasa da kafuwar ƙa'ida

An fara ajiye lissafin wannan gasa ne ran 18 ga Disamba, 1898, a Achères kusa da birnin Faris. A ranar wani basaraken Faransa, Gaston de Chasseloup-Laubat, ya yi gudun kilomita 63 a awa, wajen mil 39 ke nan. Motarsa da batir take aiki, domin a lokacin ba a riga an san wanda zai yi rinjaye tsakanin lantarki da tururi da fetur ba. Bayan wata huɗu, cikin Afrilun 1899, wani mutumin Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya zama na farko da ya haura kilomita 100 a awa, shi ma da motar lantarki. Sunan da ya raɗa mata da Faransanci, La Jamais Contente, ma'anarsa wadda ba ta taɓa gamsuwa, kuma da wuya a sami sunan da ya fi shi dacewa da halin duk waɗanda suka biyo bayansa. Mota ta haura mil 100 a awa cikin 1904 a hannun Louis Rigolly, sa'an nan cikin 1906 wata motar tururi ta kamfanin Stanley ta yi mil 127 a kan rairayin bakin teku a Florida.

Tun a waɗannan shekaru aka fara gardama. Wani zai ce ya yi gudu kaza, wani ya ce ai iska ce ta tura shi, ko kuwa hanyar gangare ce. Saboda haka, tun kafin Yaƙin Duniya na Farko, ƙungiyar da daga baya ta zama Hukumar Motoci ta Duniya, watau FIA, ta shimfiɗa sharaɗi: dole mota ta ratsa mil ko kilomitan da aka auna sau biyu, zuwa da komowa, a haɗa biyun a fitar da matsakaici. Iskar da ta taimake ka a zuwa, ita za ta tare ka a dawowa. Daga baya aka tsayar da cewa zuwa da komowar nan su kasance cikin awa guda, kuma alƙalan awo su zama ba su da alaƙa da mai motar. Ina roƙon masu sauraro su riƙe wannan ƙa'ida a zuci, domin za mu yi ta komowa kanta.

Zamanin injin jirgin sama da iyakar ƙafa

Bayan Yaƙin Duniya na Farko an sami rarar injunan jiragen sama masu farfela, ana sayar da su da araha. Masu neman kambu suka riƙa ɗora su a kan ƙirar mota, su haɗa su da giya, giya ta juya ƙafa. Da gudu ya fi ƙarfin titi, sai aka koma bakin teku: Pendine a yankin Wales, da Daytona a Amurka. A Pendine ne Malcolm Campbell ya haura mil 150 cikin 1925. A can ne kuma abokin hamayyarsa Parry-Thomas ya rasu cikin Maris na 1927, aka binne motarsa a cikin rairayin, ba a tono ta ba sai 1969. A cikin wannan wata na Maris ɗin dai Henry Segrave ya yi mil 203 a Daytona da mota mai injin jirgi biyu. Daytona ita ma ta ci rayuka: Frank Lockhart a 1928, da Lee Bible a 1929.

Rairayi ya kasa, sai aka gano Bonneville cikin jihar Utah, wani tsohon tafki da ya ƙafe ya bar shimfiɗar gishiri fari fat, iyakar ganin mutum. A nan Campbell ya haura mil 300 cikin Satumban 1935. George Eyston da John Cobb, dukkansu mutanen Ingila, suka yi ta karɓe-karɓe har yaƙi na biyu ya ɓarke. Cikin 1947 Cobb ya dawo ya ajiye mil 394, kambun ya zauna a nan shekara goma sha shida ba wanda ya motsa shi.

Me ya kawo wannan tsaiko? Dalilai biyu ne, dukkansu kuwa na kimiyya. Na farko turjiyar iska. Idan aka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska takan ninku sau huɗu, ƙarfin injin da ake bukata kuwa ya ninku sau takwas. Na biyu, kuma shi ya fi tsanani, duk ƙarfin nan ba shi da wata hanyar isa ƙasa sai ta ɗan wurin da taya ta taɓa gishiri, wanda bai fi tafin hannu girma ba. In ƙarfi ya wuce abin da wurin zai iya ɗauka, sai ƙafa ta yi ta juyawa a banza, kamar yadda motar da ta kafe a yashi ke yi. An gwada tagwayen ƙafafu a baya, an gwada ƙara nauyi. Motar Eyston ta kai wajen tan bakwai, da ƙafa takwas. Ita kanta tayar tana cikin haɗari, domin juyawa da sauri kan nemi ta yage robar daga jikinta. Tayoyin da kamfanin Dunlop ya yi wa Segrave a 1927, minti uku da rabi kacal aka lamunce masa za su jure. A taƙaice, inji ya girma ya fi ƙarfin ƙafarsa.

Zuwan jet, da tambayar mece ce mota

Injin jet an ƙirƙiro shi ne don jirgin sama. Frank Whittle a Ingila ya yi rajistar dabarar cikin 1930, Hans von Ohain a Jamus ya yi nasa aikin daban, jirgin jet na farko kuwa ya tashi a Jamus cikin Agustan 1939. Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Yana zuƙar iska ta gaba, jerin fankoki su matse ta, a fesa mata kananzir a kunna wuta, iskar ta kumbura ta fita ta baya da matsanancin ƙarfi. Ƙarfin da ta fita da shi baya, da shi injin ke tunkuɗa kansa gaba. Wanda ya taɓa hura balan-balan ya sake ta ya ga wannan da idonsa. In aka ɗora irin wannan inji a kan mota, ba ya bukatar giya, ba ya bukatar ƙafa ta kama ƙasa. Aikin ƙafa ya koma ɗaukar nauyi da bin hanya kawai.

Zuwa ƙarshen shekarun 1950 rundunar sojan saman Amurka ta fara zubar da tsofaffin injunan jet, 'yan gwangwan suna saye. Wanda ya fara kai motar jet Bonneville likita ne daga Los Angeles, Nathan Ostich, cikin 1960. Bai yi nasara ba. Cikin 1962 Glenn Leasher ya rasu a can cikin wata motar jet. Wanda ya dace shi ne wani saurayi daga Kalifoniya, Craig Breedlove, wanda ya sayi tsohon injin jirgin yaƙi a kan dala 500, ya fara ƙira a bayan gida, daga baya kamfanin mai na Shell da kamfanin taya na Goodyear suka ɗauki nauyinsa. Ran 5 ga Agusta, 1963, motarsa Spirit of America ta yi mil 407, zuwa da komowa, a gaban alƙalai.

Nan fa aka shiga ruɗani. Hukumar FIA ta ce a littafinta mota ita ce abin da ke da ƙafa huɗu ko fiye, kuma inji ya juya aƙalla biyu daga cikinsu. Ta Breedlove ƙafarta uku, kuma ba ko ɗaya da inji ke juyawa. Saboda haka ta ƙi karɓa. Sai hukumar babura ta duniya, FIM, ta ce tunda ƙafa uku ce, ita ta karɓe ta a matsayin babur. Abin dariya ne a ido, amma akwai darasi a cikinsa: doka kan zo ne daga baya, bayan abin da take so ta tsara ya riga ya auku.

Wanda wannan ruɗani ya fi shafa shi ne Donald Campbell, ɗan Malcolm. Ya bi ƙa'idar FIA sau da ƙafa. Motarsa Bluebird tana da injin fanka irin na jirgin sama, amma an haɗa shi da ƙafafu huɗu yana juya su, kuma kamfanonin Ingila masu yawa suka haɗa hannu wajen ƙera ta, aka kashe mata wajen fam miliyan guda. Ta kife a Bonneville a 1960, aka sake gina ta. Aka kai ta tafkin Eyre da ya ƙafe a Ostareliya, inda aka yi shekaru ba a ga ruwan sama ba, sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ƙyar, ran 17 ga Yuli, 1964, ya yi mil 403 a kan gishiri mai danshi. FIA ta ba shi kambu, alhali duniya ta san wani ya riga ya fi shi gudu da injin gwanjo. Kafin ƙarshen wannan shekara hukumar ta sassauta, ta buɗe wa motocin jet rukuni nasu, ta kuma yarda cewa kambun koli na duk wanda ya fi gudu ne a kan ƙafafu, ko mene ne ke tura shi.

Kaka biyu a Bonneville

Abin da ya biyo baya ba a taɓa ganin irinsa ba. A garin Akron na jihar Ohayo akwai wasu 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba daban, Walt da Art Arfons, waɗanda iyalinsu ke da injin niƙan abincin dabbobi. Su biyun makanikai ne da suka koya da hannu, kuma sun yi shekaru ba sa ga maciji da juna. A garin nan ne kuma manyan kamfanonin taya biyu, Goodyear da Firestone, suke da hedkwata a lokacin. Goodyear ta tsaya wa Walt da Breedlove, Firestone ta tsaya wa Art. Shi Art ya sayi wani lalataccen inji ne, irin na jirgin yaƙi, a hannun ɗan gwangwan a kan 'yan ɗaruruwan daloli, ya kwance shi ya gyara da kansa ba tare da littafin kamfani ba.

Cikin watan Oktoba na 1964 kaɗai an kafa sabon kambu sau biyar. Ran 2 ga wata Tom Green ya yi mil 413 da motar Walt. Ran 5 Art ya yi 434 da tasa, Green Monster. Ran 13 Breedlove ya yi 468, ran 15 ya ƙara zuwa 526. A wannan rana ce laimomin da ke tsayar da motarsa suka tsinke, birki ya ƙone, ta yi ta zamewa fiye da mil biyar, ta sare turken waya, ta afka cikin kududdufin ruwan gishiri, ya fito da ƙafarsa. Ran 27 Art ya dawo ya yi 536. Da kaka ta zagayo, cikin Nuwamban 1965, Breedlove ya zo da sabuwar mota mai ƙafa huɗu ya yi 555, Art ya mayar masa da 576, sa'an nan ran 15 ga wata Breedlove ya rufe da mil 600. A shekara mai zuwa motar Art ta kife tana gudun wajen mil 600, shi ma Allah ya yi da sauran kwanansa.

A auna wannan da abin da ya gabata. Daga mil 200 zuwa 400 an ɗauki shekara talatin da shida. Daga 400 zuwa 600 kuwa, shekara biyu da wata uku. Motocin da inji ke juya wa ƙafa fa? Cikin wancan Nuwamba na 1965 'yan'uwa Summers suka yi mil 409 da injunan mota huɗu, kuma sai a 2001 Don Vesco ya kai wannan rukuni mil 458. Tazarar da ke tsakanin 458 da 763 ita ce ma'aunin abin da rabuwar inji da ƙafa ta haifar.

Roka, da gudun da ba shi da shaida

Da ƙafa ta daina zama sharaɗi, sai roka ma ta sami shiga. Bambancinta da jet shi ne ba ta shaƙar iskar waje, duk abin da za ta ƙona yana cikinta. Ran 23 ga Oktoba, 1970, Gary Gabelich ya yi mil 622 da motar roka mai suna Blue Flame, ya zama na farko da ya haura kilomita 1,000 a awa. Kamfanonin iskar gas na Amurka ne suka biya kuɗin, domin tallar hajarsu. Cikin 1976 wata mata kurma, Kitty O'Neil, ta yi mil 512 da wata motar roka a faƙon Alvord na jihar Oregon.

Amma labarin da ya fi dacewa da batunmu shi ne na Disamban 1979. A wani sansanin sojan sama a Kalifoniya, Stan Barrett ya tuƙa motar roka da wani kamfanin giya ya ɗauki nauyinta, aka yi shelar cewa ta yi mil 739, wai ta ƙetare saurin sauti. Sai dai tafiya ɗaya ce ba komowa. Ba a auna ta a kan cikakken mil ba. Adadin an fitar da shi ne daga lissafin na'urorin da ba a tanade su don wannan aiki ba, kuma waɗanda ke wurin ba su ji tsawar da ke biyo bayan ƙetare sauti ba. Babu hukumar da ta karɓa. Lalle motar ta yi gudu mai ban tsoro, direban kuma ya sa ransa a haɗari, amma a littafin tarihi gurbinsa na masu da'awa ne. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wannan fage kuwa, awo ya kori gani.

Komowar Ingila da ƙetare sauti

Richard Noble ɗan kasuwa ne na Ingila wanda ba shi da dukiyar kirki, sai naci da iya roƙon masu hannu da shuni. Motarsa Thrust2, wadda John Ackroyd ya zana, tana ɗauke da injin Rolls-Royce na jirgin yaƙi, kuma ƙafafunta na zallar ƙarfen alminiyon ne, babu roba ko kaɗan. Irin wannan ƙafa ba ta jituwa da gishiri mai tauri, ga kuma ruwan sama da ya yi ta ɓata musu shiri a Bonneville. Sai suka koma Black Rock, inda ƙasar busasshen laka ce, ƙafa na ɗan nutsewa ta kama hanya. A can, ran 4 ga Oktoba, 1983, Noble ya yi mil 633.

Saura ƙetare sauti, wanda saurinsa yake wajen mil 760 a awa, yana raguwa kaɗan in da sanyi. Jirgin sama ya riga ya yi wannan tun ran 14 ga Oktoba, 1947, a hannun Chuck Yeager. Amma a ƙasa matsalar daban ce. Abin da ya kusanci saurin sauti yakan tara iska a gabansa ta zama kamar bango. A sararin sama wannan bango yana da wurin bajewa. A ƙasa kuwa yana shiga ƙarƙashin motar, kuma in hancinta ya ɗaga ko da ƙanƙani, sai ta tashi sama ta wargaje. Ron Ayers, wani tsohon masanin ƙirar makamai masu linzami, shi ya warware wannan. Ya yi lissafi da kwamfuta, sa'an nan ya gwada ɗan ƙaramin samfuri a kan dogo da roka ke turawa, a Pendine ɗin nan da Parry-Thomas ya rasu. Sai da sakamakon biyun suka yi daidai da juna aka fara ƙira.

Motar da ta fito, ThrustSSC, tsawonta mita 16 da rabi, nauyinta ya haura tan 10, da injin jirgin yaƙi biyu, ɗaya a kowane gefe, suna shan wajen lita 18 na mai a kowace daƙiƙa. Ƙafafun baya ne ke karɓar umarnin sitiyari. An gwada ta a hamadar Al-Jafr ta ƙasar Jodan. Babu wani babban kamfani guda da ya ɗauki nauyin aikin, karo-karo aka yi, har kuɗin man jirgin da ya kai ta Amurka sai da jama'a suka tara ta intanet.

Ran 13 ga Oktoba, 1997, Andy Green ya ƙetare saurin sauti sau biyu, zuwa da komowa, mutanen ƙauyen Gerlach da ke kusa suka ji tsawar. Amma wajen juya motar da shirya ta an zarce awa guda da daƙiƙa hamsin ba kaɗan. Alƙalai suka ce bai yi ba. Ba wanda ya nemi a yi masa alfarma, ba wanda ya ce ai daƙiƙa hamsin ba komai ba ne. Suka koma suka sake shiri, bayan kwana biyu suka maimaita cikin lokaci, aka rubuta mil 763.035, shekara hamsin da kwana ɗaya bayan tashin Yeager. In aka ajiye wannan kusa da labarin 1979, an ga bambancin kambu da da'awa.

Me ya sa aka tsaya?

Cikin 2008 Noble da Green da Ayers suka sanar da sabon shiri, Bloodhound, da nufin kaiwa mil 1,000 ta hanyar haɗa injin jet da roka. Filin da suka zaɓa a Afirka yake, faƙon Hakskeen a lardin Northern Cape na Afirka ta Kudu, kusa da iyakar Namibiya. Ba shi ne karo na farko ba, domin tun 1929 Malcolm Campbell ya gwada sa'arsa a faƙon Verneuk na wannan ƙasa. A Hakskeen mutanen yankin fiye da 300 ne suka tsince duwatsu wajen tan 16,000 da hannu, domin a irin wannan gudu ɗan tsakuwa harsashi ne. Ya kamata a riƙa tunawa da su in ana lissafin waɗanda suka yi aikin. Cikin Oktoban 2018 kuɗi suka ƙare, kamfanin ya durƙushe, wani attajiri mai suna Ian Warhurst ya saye shi. Cikin Nuwamban 2019 motar ta yi mil 628 a gwaji, da injin jet kaɗai. Daga nan annoba ta zo, cikin 2021 aka sake sa aikin a kasuwa. A shekarar 2019 ɗin dai Jessi Combs ta rasu a faƙon Alvord cikin motar jet, daga baya aka tabbatar mata da mil 522 a matsayin kambun mata.

Ba ilmi ne ya ƙare ba, dalilin kashe kuɗin ne ya raunana. A zamanin Segrave da Cobb, mai sayar da taya ko mai ko fulogi yana iya cewa abin da ya jure mil 300 shi ne a motarka, mai saye kuma ya yarda. Ko a 1964 Goodyear da Firestone suna da abin talla, tunda motocin jet na lokacin a kan roba suke gudu. Da ƙafa ta koma zallar ƙarfe, inji na jirgin yaƙi, mai kuwa kananzir, ba sauran abin da ya haɗa wannan na'ura da motar da ke kan titi. Daɗin daɗawa, injin jirgin yaƙi na zamani ba a samunsa a wurin 'yan gwangwan. Na Bloodhound aronsa aka yi daga ma'aikatar tsaron Ingila. Filaye ma sun yi ƙaranci, domin gishirin Bonneville ya yi ta raguwa, an kuma soke babban taron gasar can a 2014 da 2015. Shi ya sa masu Bloodhound suka kafa hujjarsu a kan jawo hankalin yaran makaranta zuwa ga kimiyya da aikin injiniya. Hujja ce mai kyau, amma ba ta tara fam miliyoyin da ake bukata ba.

Kammalawa

Mun ga yadda inji ya fi ƙarfin ƙafa, yadda jet ya raba su, da yadda wannan rabuwa ta ninka gudu ta kuma yanke alaƙar gasar da amfanin yau da kullum. Cikin abubuwa ukun da muka fara da su, inji ya sauya daga batir zuwa tururi, zuwa fetur, zuwa jet da roka. Ƙafa ta sauya daga roba zuwa ƙarfe. Agogo kaɗai ne bai sauya matsayinsa ba. Saboda shi ne za mu iya jera Jenatzy na 1899 da Green na 1997 a layi ɗaya mu ce wannan ya fi wancan da kaza, ba tare da gardama ba.

Ga ɗalibin da zai rubuta sakamakon bincike, da ma'aikacin da zai sa hannu a kan rahoto, abin lura a nan shi ne halin mutanen da suka ƙetare saurin sauti a gaban shaidu, aka ce musu sun makara da daƙiƙa hamsin, suka karɓa suka sake. Da an yi musu sassauci a ranar, da adadin da suka bari bai fi na 1979 daraja ba. Motocin Thrust biyu suna ajiye a gidan tarihin sufuri na birnin Coventry, duk mai so yana iya zuwa ya gani. Duk wanda kuma ya yi niyyar karɓe kambun, sharaɗin da aka gindaya wa Green shi ke jiransa: zuwa da komowa, cikin awa guda, a gaban alƙalin da ba nasa ba.